Gwiwoyin Mai Igiya

Mahaifina mai sa tayil ne. Shekara talatin da huɗu ya yi yana wannan sana'a, kuma duk wanda ya san aikin ya san a durƙushe ake yin sa. Magini yana tsaye, mai fenti yana kan tsani, amma mai tayil tun safe gwiwarsa na kan siminti, yana ja da baya kaɗan-kaɗan har ya fita ta bakin ƙofa. Abokan aikinsa Mai Igiya suke ce masa, domin ko ɗan mitsitsin banɗaki aka ba shi, ba zai ɗora tayil ɗaya ba sai ya ja igiya daga bango zuwa bango ya ga layi ya miƙe. Sukan zolaye shi cewa ko abinci aka zuba masa sai ya auna tsakiyar kwanon kafin ya sa cokali.

Mu uku ya haifa. Babban yayanmu direban tirela ne, rabin rayuwarsa a kan hanya take. Yayata tela ce, tana aure a wani gari mai nisa. Ni ce auta, malamar firamare, kuma ni kaɗai ce kusa, mota ɗaya nake hawa in zo gida.

Gidan bene ne, shi ya gina shi a hankali cikin shekaru. A ƙasa akwai shaguna biyu da wani ɗan sito inda yake ajiye kayan aikinsa. A sama falo ne da ɗakuna biyu da kicin da baranda mai kallon titi. Mama ta so a zauna a ƙasa, shi ya dage sai sama, wai ya gaji da kallon ƙasa a wajen aiki, idan ya dawo gida yana so ya sha iska. Matakala goma sha tara ce tsakanin ƙofar gida da falon. A lokacin bibbiyu yake haɗawa idan zai hau.

Ciwon bai zo da hayaniya ba. Da farko sai da safe gwiwoyin su riƙe, ya ɗan zauna a bakin gado yana murza su kafin ya tashi. Daga baya suka fara yin ƙara idan yana tafiya. Mama takan ce tun kafin ya yi sallama ta san ya iso, gwiwoyinsa sun riga shi. Ya yanko soso daga tsohuwar katifa yana ɗaurawa da tsumma idan zai durƙusa, ya ci gaba da aikinsa kusan shekara uku a haka.

Aikinsa na ƙarshe wani babban ɗakin taro ne. Da azahar ya gama layin tsakiya, ya yunƙura zai miƙe, ƙafa ta ce ba ta san zancen ba. Ya sake gwadawa, haka. Sai ya rarrafa zuwa bango ya kama bakin taga ya ja jikinsa sama. Ya ɗauka babu wanda ya gani. Ashe amininsa mai walda, wanda kowa ke ce wa Tartsatsi, yana bayan tagar yana kafa ƙarfe. Shi ya kwashe kayan aikin ya kawo shi gida, kuma shi ya tona wa Mama, duk da Baba ya roƙe shi ya yi shiru.

A asibiti aka yi hoton ƙashi. Likitar ƙashi, wata mace mai magana a hankali, ta ɗaga hoton ta nuna mana inda ya kamata a ga ɗan fili tsakanin ƙashi da ƙashi, babu shi. Ta ce guringuntsin da ke hana su gogar juna ne ya cinye, kuma ba ya sake tsirowa. Ta ce ya rage ƙiba, ya riƙa motsa ƙafar, ya riƙe sanda, idan abin ya ƙi nan gaba a yi maganar tiyata. Maganin rage ciwo kuwa ta taƙaita masa shi ƙwarai, domin yana shan maganin tsinka jini tun wata rashin lafiyar zuciya da ya yi shekara biyu kafin nan. Cikin duk abin da ta faɗa, kalmar tiyata kawai ta shiga kunnen Baba. A mota ya ce babu mai yanka masa ƙafa yana raye. Sanda kuma ya ce ta tsofaffi ce.

Yayata ce ta fara aiko da roba ta farko. Wata mai kawo mata ɗinki ce ta ba ta labarin wani farin kafso, gulukosamin, wai ba magani ba ne, ƙarin gina jiki ne, uwar mijinta ma da shi ta tashi. An rubuta a jikin robar a sha wata uku kafin a ga amfani. Ba a yi sati biyu ba Yaya ya biyo da tirela ya ajiye man kifi, manyan kafso masu sheƙi, ya ce gwiwa kamar inji ce, mai take so. Ni ma ban tsira ba. Akwai wata malama a makarantarmu da ke kawo wani gari a gwangwani, ana damawa da ruwan ɗumi, ta ce shi ke mayar da guringuntsi. Na ji da kunnena likita ta ce ba ya dawowa, amma na karɓa na kai. Ganin 'yan'uwana sun yi wani abu, ni da nake kusa ban yi komai ba, shi ya dame ni. Sai mai shagon ƙasa ya hawo da kafson kurkum. Wani surukinmu ya aiko da ƙwayar ƙarfin ƙashi. Kafin damina ta wuce roba bakwai ne a kan teburin falo.

Wani a sha kafin abinci, wani bayan abinci, wani kada a haɗa shi da shayi. Mama ta rikice, sai na samo kwali na zana jadawali irin na aji, da layuka da awoyi, na manna a jikin firiji. Baba ya duba ya ce layukan sun miƙe, ya yaba. Shi bai taɓa riƙe sunan ko ɗaya ba, da sunan wanda ya kawo yake kiran kowace roba. Sai ka ji ya ce wa Mama ya sha direba, saura tela da malama.

Kowa ya kira waya tambayar ɗaya ce: ya gwiwa? Amsar ma ɗaya ce: da sauƙi. Yayata na ajiye waya sai ta kira Yaya ta ce ka gani, nata ya fara aiki. Yaya ya ce ai tun da aka fara man kifi muryar Baba ta canza. Ni ina jin su, a raina ina cewa garin ne. Gaskiya kuma akwai makonnin da yakan ji dama-dama, ya tashi da safe ba tare da ya cije leɓe ba. Ko kafson ne, ko zafin gari ne, ko don ba ya taka ƙafar ne, babu wanda ya sani. Idan kuwa ya kuskura ya ce yau ta matsa masa, to sati mai zuwa sabuwar roba za ta iso.

Abu ɗaya muka haɗu a kai mu duka, shi ne ya huta har magani ya kama jikinsa. Kada ya wahalar da ƙafar. Wata uku ne kawai. Da wata ukun suka kusa cika sai sabon abu ya zo da nasa wata ukun. Da farko yakan sauka sau ɗaya a rana, da baya da baya, yana riƙe da ƙarfen matakala, ya zauna a bencin ƙofar shago a yi hira. Ya koma sau ɗaya a mako. Daga nan Mama ta fara cewa me zai sauka ya ɗauko, ga abinci ga ruwa ga rediyo. Mai aski ya riƙa hawowa. Salla ta koma a kan kujera. Ban san ranar da ya yi saukar ƙarshe da ƙafarsa ba, domin babu wanda ya san ita ce ta ƙarshe.

Duniyarsa ta zama daga gado zuwa banɗaki, daga banɗaki zuwa farar kujerar roba a baranda. Nan yake wuni, haɓarsa a kan ƙarfen baranda, yana kallon masu wankin mota da masu jiran bas. A tsallaken titi ana gina wani bene, ba a sa gilasan taga ba tukuna, don haka yana hango cikin ɗakunan. Ranar da masu tayil suka fara aiki na zo na same shi a tsaye, abin da na daɗe ban gani ba, ya dafa ƙarfe da hannu biyu yana ɗaga murya. Wai daga bango suka faro maimakon tsakiya, kuma simintin ya yi ruwa. Injin yankan tayil yana ta ƙara, babu wanda ya ji shi. Ɗaya daga cikinsu ya ɗago ya gan shi yana ɗaga hannu, sai ya ɗago masa hannu shi ma, ya ɗauka gaisuwa ce. Baba ya koma ya zauna. Washegari ya sa Mama ta juya masa kujerar ta kalli wajen masu wankin mota.

Tartsatsi ne kaɗai bai daina zuwa ba. Yakan hawo yana haki, ya tsaya a ƙofar falo ya dubi teburin ya ce ashe an buɗe kemis ba a gayyace su ba. Ya ɗauki roba ya girgiza a kunnensa, ya tambaya ko akwai na mantuwa, matarsa na nema masa. Baba yakan yi dariya har ya share ido. Amma da zarar ya ji saukar takun abokinsa a matakala, da sauri-sauri, sai fuskarsa ta koma yadda take.

Kusan wata takwas da daina saukarsa, maigidansa ya rasu, tsohon da ya koya masa aiki tun yana saurayi, wanda ya fara ba shi guduma ta roba. Da hantsi labarin ya zo. Baba bai yi shawara da kowa ba, ya sa rigarsa da hularsa, Mama na kicin, ya nufi matakala. Ya sauka ta ɗaya, ta biyu, ta uku. A ta huɗu ƙafar dama ta lanƙwashe, ya zauna daɓas. Ya kasa yin ƙasa, ya kasa komawa sama. Bai kira kowa ba. Mama ta ɗauka yana banɗaki, sai da ta fito shanya ta gan shi zaune, hularsa a hannu, ya kusa awa guda a wurin. Mai shago ne ya zo ya tallabe shi ya mayar da shi ciki. Ta waya ya yi gaisuwar, kuma ya kasa ƙarasa ta.

Da yammar ranar na zo. Na dama masa garin nan na miƙa, ya karɓa ya riƙe kofin bai sha ba. Na tambaye shi tsakaninsa da Allah, cikin bakwai ɗin nan wanne yake jin yana yi masa aiki.

"Auta, ban sani ba," ya ce. "Kafin abinci ƙwaya, bayan abinci ƙwaya, abincin ma ba ya samun wuri. In na bar na yayarki, ranta zai ɓaci. In na bar na yayanki, zai ce na raina shi. Naki kuma ga ki a tsaye a kaina."

Ya ɗaga kofin ya shanye, ya miƙo mini. Na kai kicin na daɗe ina wanke kofi ɗaya. Duk da haka ban cire kwalin daga jikin firiji ba. Ina tsoron kada a daina ciwon ya ƙaru a ce ni ce.

Wata uku bayan haka Mama ta fara ganin tabo-tabo baƙaƙe a damatsansa, kamar wanda aka mintsina. Ya ce ƙila gefen ƙofa ne. Sai wata safiya haɓo ya ɓalle masa yana karyawa. Aka danne hanci, aka sa ƙanƙara, tawul ɗaya ya jiƙe, aka ɗauko na biyu. Mama ta kira ni, ta kira Tartsatsi. Kafin in iso an riga an yanke shawarar yadda za a sauko da shi. A kan farar kujerarsa aka ɗauke shi, Tartsatsi da mai shago a gaba, mutum biyu daga wajen wankin mota a baya, suna ta a hankali, a karkata, a ɗaga nan. Mutanen titi suka tsaya kallo. Baba ya rufe idonsa tun daga falo, bai buɗe ba sai da aka rufe ƙofar mota. Watansa goma sha ɗaya rabonsa da ƙasa.

An tsayar da jinin, aka kwantar da shi kwana biyu. Da aka tambayi abin da yake sha, Mama ta ce na zuciya ne kawai. Can ta ƙara da cewa sai 'yan abubuwan ƙarin lafiya da yara ke aikowa, amma ai su ba magani ba ne. Aka ce a kawo su duka. Na koma gida na kwaso su a leda.

Likitar ƙashin nan ce ta zo ta jera su a kan teburin gefen gado, tana karanta bayan kowace roba. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi ma da na fi jin daɗi. Ta ware man kifi da kurkum gefe, ta ce waɗannan suna iya ƙara tsinka jini a jikin wanda ke shan irin maganinsa. Biyu daga cikin sauran ta ce kusan abu ɗaya ne a cikinsu, sunan ne ya bambanta. Ta ce irin waɗannan abubuwa wasu mutane sukan ji sauƙi da su, wasu ba sa jin komai, amma babu wanda zai mayar da abin da ya cinye, kuma duk abin da za a haɗiya kullum sai likita ya sani. Sannan ta yaye zanen ta kama cinyarsa. Naman ya zube, fata ce ke lilo. Ta ce wannan ya fi damunta a kan robobin, domin naman cinya shi ke riƙe gwiwa, zaman da ya yi ya cinye shi. Ni da Mama muka kasa haɗa ido.

Ta ce a cikin waɗanda suka rage zai iya riƙe ɗaya, ita za ta riƙa duba jininsa, a gwada wata uku, in babu canji a bari. Ta tambaye shi wanne yake so. Baba ya dubi robobin, ya dube ni.

"Likita, ke ki zaɓa," ya ce. "Kuma ki rubuta a takarda ki sa hannu. 'Ya'yana ne duka."

Ta yi murmushi ta rubuta. Ba nawa ta zaɓa ba.

Ranar da aka sallame shi, mutanen nan huɗu suna jira a ƙofar gida da kujera. Ya fito daga mota ya dafa bango, ya ɗaga kai ya dubi matakalar har sama. Ya yi musu godiya ya ce su koma bakin aikinsu, shi ba za a sake ɗaukarsa ba. A buɗe sito. Mama ta ce ɗakin da taga ɗaya ce kamar ta kurkuku, ga warin siminti, ga ɓeraye. Ya ce ya ji. Ya zauna a bencin mai shago har la'asar muna fitar da bokitai da ragowar tayil da tsofaffin buhuna. Aka wanke, aka sauko da gado da rediyo da kayan sawarsa. Akwai ɗan banɗakin masu shago a baya, Tartsatsi ya kafa masa ƙarfen dafawa a ciki.

Yau shekara guda da wata biyu ke nan yana ɗakin. Bai sake ganin falonsa ba, ko barandar. Idan yana son wani abu daga sama sai ya kwatanta wa Mama inda ya ajiye shi, wani lokaci ta samo, wani lokaci ta ce babu, su yi ta musu ta tsakanin bene. Ita ke hawa ta dafa ta sauko da shi, sau uku a rana, ta ƙi yarda a sauko da kicin ɗin, wai in ta bar saman gidan ya mutu. Yayata ta yi wata biyu tana gaishe shi sama-sama, duk da nata aka zaɓa, domin ta ji an ce har da robobi a abin da ya kwantar da shi. Yaya har yanzu in ya biyo yakan zo da sabon abu, Baba ya karɓa da hannu biyu ya sa albarka, in ya tafi ya tura ƙarƙashin gado.

Sau biyu a mako ina kai shi wajen masu gashin ƙashi, inda ake sa shi ɗaga ƙafa da miƙewa daga kujera ba tare da dafawa ba. Yana yi yana zufa yana cewa aikin banza, amma a gida ma yana yi idan ya ɗauka babu mai kallo. Ya yarda da sanda. Ta farko Tartsatsi ne ya haɗa masa da bututun ƙarfe, ta yi nauyin da sai an taimaka masa ɗaukarta, aka yi dariya aka samo ta asibiti. Kafson nan ɗaya kuwa, da wata uku suka cika likita ta tambaye shi, ya ce wataƙila safiya ta ɗan fi sauƙi, wataƙila kuma shi ne ya saba. Ta ce in yana so ya ci gaba, in ba ya so ya bari. Yana sha wata rana, wata rana ya manta.

Ciwon yana nan. Ranar da hadari ya haɗu ko ƙofar ɗaki ba ya kaiwa. Ranar da ya ji ƙarfi yakan taka har kwanar layinmu.

Makon jiya na je, da zan tafi ya ce zai raka ni. Muna tafe a hankali, sanda na gaba, ƙafar hagu, sannan ta dama. Sai ya ce in nemi hutun kwana ɗaya a makaranta ranar Talata ta sama. Likita ta haɗa shi da masu tiyata da likitan zuciya, za su duba ko jikinsa zai ɗauka. Na buɗe baki zan yi magana ya ɗaga hannu.

"Ban ce na yarda ba. So nake in ji da kunnena, in yi tunani da kaina. Kada ki gaya wa yayyenki tukuna."

Na ce to.

A kwanar akwai kwata mai faɗin taku ɗaya, murfinta ya karye tun bara. Nan ya tsaya. Na tsallaka na nufi wajen tsayawar bas, da na waiwaya yana nan a bakin kwatar, ya dogara da sandar da hannu biyu, yana jira wata mota ta wuce kafin ya fara juyawa.